Yawon kwalekwale a mahaɗar Kwara da Binuwai, Lakwaja

Makon jiya na je Lakwaja biki, muka sauka bakin ruwa muka ɗauki shatar kwalekwale mai inji ya kai mu inda kogin Kwara da kogin Binuwai suka haɗu. Sai da muka sha ciniki, amma wallahi kuɗina bai tafi a banza ba. Direban dattijo ne, baya gudu, da muka iso mahaɗar ya kashe inji ya ce mu leƙa. Ruwa biyu gefe da gefe, ɗaya kamar kunun kanwa ɗayan ya ɗan fi haske, sun yi tafiya mai nisa kafin su gauraya.

Na sa gorar roba na ɗebo, kafin mu dawo gaɓa laka ta kwanta a ƙasanta harda ɓurɓushin ganye baƙi baƙi. To wannan dattin da muke rainawa yana ɗauke da kabon, wato sinadarin da ke jikin duk wani abu mai rai, wanda kogi ke kwasowa daga ruɓaɓɓiyar ciyawa, ƙasar gona da kashin shanu, ya bi ta Neja Delta har tekun Atilantika, a can ƙananan halittu su ci, kifi da jatan lande su ci su, lakar kuma ita ke riƙe itatuwan bakin teku. Yanzu mutum ya shiga tsakani, dam ɗin Kainji tun 1968 yake tare lakar Kwara tana kwanciya a ƙasan tafki, na Lagdo a Kamaru shima tun 1982 haka yake yi wa Binuwai, ta ɗaya ɓangaren kuma sare daji da noma har bakin gaɓa na ƙara zaizayo ƙasa, ga kwatamin gari duk cikin kogin yake ƙarewa. Masu haƙar yashi ma mun wuce su suna ta lodi. Abun ya tsaya min a rai gaskiya.

Inda masu kwalekwalen suka gaza, rigar hana nutsewa huɗu ce mu bakwai, ɗaya ma igiyarta ta tsinke, kuma da yaro a cikinmu. Wannan ba ƙaramin sakaci bane a kogin da kowa ya ga abinda yayi a ambaliyar 2012 da 2022. Babu rumfa kuma, rana ta gasa mu. In za ku je ku ƙirga rigunan kafin ku biya, ku tafi bayan la'asar.