Agege, Ikorodu ko Ajah? Abin da za ka auna kafin ka kama haya a Legas

Duk wanda ke shirin komawa Legas da zama, daga Kano ne ko Sakkwato ko Maraɗi, tambayarsa ta farko ita ce nawa ake kama ɗaki. Ni kuwa da za a ji tawa, sai a fara da wata: a ina za ka riƙa neman abinci, kuma wace hanya za ta kai ka can kullum? A Legas kana iya samun ɗaki mai araha, ka ƙare da biyan ninkin abin da ka rage a kuɗin mota, ga barcin da ba ya isarka.

Ruwa ne ya raba garin. A gefe ɗaya akwai tsibiri, wato Lagos Island da Ikoyi da Victoria Island, sai Lekki da ta miƙe gabas. A nan manyan ofisoshi da bankuna suke. A ɗaya gefen kuma babban yankin da akasarin jama'a ke kwana. Gadoji uku ne suka haɗa su: Carter, Eko, da Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 wadda aka buɗe a 1990. Da asuba jama'a na kwarara zuwa tsibiri, da yamma su juyo. Idan gidanka da aikinka suka faɗo a gefe guda, ka huta da rabin wahalar garin. Idan gada ta shiga tsakani, ka san sallar asuba ba koyaushe za ta same ka a gida ba.

Zaɓi na farko, wanda yawancinmu ke faɗawa ciki, shi ne unguwannin da Hausawa suka daɗe: Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende. Agege ce uwa a cikinsu. Akwai Sarkin Hausawa da fadarsa, ga masallatai da islamiyyoyi, ga mayankar Oko-Oba da ke ɗauke da mahauta da 'yan tireda da masu dako. Ka fito da safe ka sami koko da ƙosai, da dare ka sami tuwo da miyar kuka, ka yi ciniki da Hausa tun daga mai shayi har mai gyaran waya. Kada ka raina wannan. Baƙon da ya sauka inda za a tsaya masa, a sama masa wurin kwana na sati biyu, a nuna masa dillalin da ba zai cuce shi ba, ya fi wanda ya sauka shi kaɗai kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Agege kuma ta ƙara daraja tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024. Yana tasowa daga Agbado, ya tsaya Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, ya ƙare a Oyingbo. Mai aiki a Ikeja ko Yaba, idan gidansa na kusa da tasha, ya tsallake gosulo mai yawa. Sai dai ka tambayi lokutan tashinsa tukuna, ka ga ko sun yi daidai da naka, domin ba kowane lokaci yake zirga-zirga ba.

Abin da za ka haƙura da shi a waɗannan unguwanni shi ne matsi. Gidaje da yawa irin masu ɗakunan nan ne da ke kallon juna, siririyar hanya a tsakiya, bayi da kicin na kowa da kowa. Ga gwauro ba komai. Ga mai iyali da ya saba da tsakar gida da zaure, wanda matarsa ke son sirrinta, abu ne mai nauyi, kuma ya kamata a gaya mata gaskiya tun kafin ta hau mota. Mile 12 na da amfanin kasuwa ga mai harkar tumatir da albasa da tattasai, amma wuri ne mai hayaniya dare da rana, kuma rikicin da ya ɓarke can a Maris 2016, har aka rufe kasuwar na wani lokaci, bai fita daga zukatan mutane ba. Idi-Araba tana maƙwabtaka da asibitin koyarwa na LUTH, abin dubawa ga wanda ke da mara lafiya a gida. Obalende kuwa tana bakin Ikoyi, kusa da aiki, amma ɗaki a can ƙarami ne kuma samunsa sai da hanya.

Zaɓi na biyu shi ne bayan gari: Ikorodu, Igando, Sango-Ota, Mowe da Ibafo. Kuɗin da zai ba ka ɗaki ɗaya a tsakiyar gari, a nan yana iya ba ka ciki da falo da bayinka na kanka. Cikin waɗannan na fi karkata ga Ikorodu, saboda tana da hanya fiye da ɗaya. Akwai dogayen motocin BRT masu layinsu na daban, waɗanda suka fara aiki a 2008 tsakanin Mile 12 da tashar CMS da ke kan tsibiri, aka kuma miƙa su har Ikorodu daga baya. Akwai kuma jiragen ruwa da ke tsallakawa zuwa tsibiri. Za ka buƙaci katin Cowry, da shi ake biyan BRT da jirgin ƙasa. Mowe da Ibafo da Sango-Ota kuwa a jihar Ogun suke, ko da yake dillali zai ce maka ai duk Legas ne. Mazaunin Mowe hanya ɗaya gare shi, babban titin Legas zuwa Ibadan. Ranar da tirela ta faɗi a doguwar gadar da ke kusa da kasuwar Kara, kowa ya tsaya. Wuraren nan sun dace da mai shago a unguwar, ko mai harkar dabbobi a Kara, ko wanda ba kullum yake shiga gari ba. Wanda dole ya sa hannu a ofis a Victoria Island ƙarfe takwas, ba na ba shi shawarar su ko kaɗan, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake lissafawa kafin na cefane.

Na uku shi ne layin Lekki zuwa Ajah, Sangotedo har Ibeju-Lekki, inda matatar man Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa suke. Aikin gini da gadi da tuƙi na da yawa a can. Idan aikinka can yake, to can za ka zauna, kada ka ce za ka riƙa tasowa daga Agege. Haya da kayan miya sun fi tsada, ƙasar kuma fadama ce. Ruwan burtsatse a gidaje da yawa yakan fito ja-ja da ƙarni, sai ka sayi na sha daban, wani lokaci har na girki.

Ambaliya ba ta Lekki kaɗai ba ce. Damina a Legas takan yi ƙarfi a watan Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Unguwannin da ke bakin kogin Ogun, irin su Isheri da Ajegunle ta hanyar Ikorodu, sukan sha ruwa idan aka saki dam ɗin Oyan. Gidan da ka gani tsaf a watan Janairu ba shi ne gidan ba. Idan ka shiga, dubi gindin bango: in ka ga zanen danshi ya zagaye ɗakin a tsayin gwiwa, ko an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa rabi kawai, ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ruwa na shiga. Ka fita ka tambayi mai shagon da ke kusa, shi ba ruwansa da la'ada.

Sai maganar kuɗi. Abin da aka faɗa maka a matsayin haya ba shi kaɗai za ka biya ba. Akwai la'adar dillali, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, wasu har na duba gida suke karɓa. Ka ce a haɗa maka jimla a rubuce. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da wasu unguwanni kamar Ikoyi da Victoria Island da Apapa, amma za ka haɗu da masu neman na shekara biyu. Kada ka tura ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido, ka shiga ɗakin da mabuɗi, an kuma ba ka rasit. An sha karɓar kuɗin mutane da yawa a kan ɗaki ɗaya. Hukumar LASRERA ce ke rajistar dillalan gidaje, kana da damar tambayar dillali ko yana da rajista.

Ka tambayi wuta ma. Mita mai kati ce, ta ɗakinka kai kaɗai, ko ta haɗaka ce da za a riƙa rigima a kanta duk wata? Wane rukuni layin yake? Tun Afrilun 2024 'yan rukunin Band A, da aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, suna biyan kuɗi mai yawa fiye da sauran. Ga tela ko mai sayar da ƙanƙara riba ce, ga mai ƙaramin albashi kuwa nauyi ne.

Ɗan'uwa mai niyyar zuwa da babur, ka tsaya ka ji. Tun 1 ga Yunin 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Somolu. Ana kama babura ana murƙushe su. Kada ka sayar da gona ka sayi mashin a kan labarin da aka ba ka shekarun baya.

In da hali, ka fara zuwa kai kaɗai, ka sauka wurin wani naka, iyali su biyo baya idan ka tsaya da ƙafarka. Duk unguwar da ta kwanta maka, ka gwada hanyarta kafin ka biya: ka taso daga ƙofar gidan ranar Litinin da asuba zuwa wurin aikin, ka dawo ranar Juma'a da yamma, ka rubuta lokacin da ka ɓata da kuɗin da ka kashe. Ka ninka kuɗin da kwanakin aiki na shekara, ka ɗora a kan hayar, sannan ka kwatanta unguwannin da juna.