Janti na ƙarfe bayan canjin pon: wata tara tsakanin Damagaram da Tasker

Motata Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, HZJ75, mai injin 1HZ na gazuwal. Da ita nake kai gero, sukari da shayi kasuwannin arewacin Gure, in dawo da awaki da cuku. Bara da kaka pon ɗin baya, wanda 'yan Kano ke ce wa aksil, ya lanƙwashe. Laifina ne, lodin da nake ɗora mata ko raƙumi sai ya yi ƙara. Bakanikena ya samo mini pon na Land Cruiser 80 daga wata da ta yi hatsari, mai birkin faifai maimakon na ganga. Mai walda ya yanke mazaunin sifirin mai naɗi, ya ɗora na lam, wato sifiri mai falle-falle, muka ƙirga haƙoran ciki muka ga sun yi daidai da na gaba, aka ɗaura. Wannan aikin ban da ƙorafi a kansa. Wahalar duk a wajen janti, wato ƙarfen da ake sa wa taya, na sha ta.

Pon na 80 ya fi na 75 faɗi. Da muka sa mita daga fuskar da janti ke zama zuwa ɗaya fuskar, bambancin ya kai kusan taƙi guda, wajen santimita 9 kowane gefe. Bakanike ya faɗa mini wannan tun ranar, na ji da kunne ɗaya ya fita ta ɗayan, don hankalina na kan wasu janti na alminiyum da na gani suna walƙiya a shagon wani mai kayan mota.

Kafin su ma, mai shagon ya fara kawo mini wasu huɗu masu araha, ya ce, “Alhaji, huda shida ne, irin naka.” Huda shida ɗin na kusoshi gaskiya ne, tazarar ma daidai, 139.7 a milimita, wadda Hilux da Patrol da tsofaffin Land Cruiser ke amfani da ita. Amma na Mitsubishi L200 ne sabon yayi, ramin tsakiyarsu milimita 67 ne da ɗan ɗori, cibiyar Toyota kuwa tana son 106. Ko kusa bai shiga ba. Akwai kuma na Navara D40, shi ma huda shida, amma tazararsa 114.3, wanda a ido ba kowa ke ganewa ba sai an kai shi bakin kusoshi. Masu HZJ79 kuma lissafinsu daban ne gaba ɗaya: daga 1999 Toyota ta mayar da su huda biyar, tazara 150. Na ga wani ya sayi pon na 79 ya sa wa 75, ya wayi gari gaba shida baya biyar.

Na dai sayi na alminiyum ɗin, inci 16 faɗin inci 8, na sa musu taya 285/75. A cikin gari motar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. In na ajiye ta bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis, samari sai sun tsaya kallo. Tafiyar farko zuwa Tasker ce ta tona asiri.

Wanda bai saba tuƙi a rairayi ba ba zai gane muhimmancin sawu ba. Tayar gaba ce ke shan wahalar fasa hanya, tana danne yashi, ta baya kuma ta bi ta kan abin da aka danne mata. Haka aka ƙera motar. To ni tayoyin bayana sun fita waje, rabinsu a cikin sawu, rabi a kan sabon yashi. Bayan motar sai rawa yake, yana neman faɗawa cikin sawu yana fita, ni kuma ina ta kokawa da sitiyari. Tudun da na saba hawa da giya ta biyu sai da na koma ƙaramar giya, allurar zafi tana hawa. Sau uku muka kafe a wannan tafiyar. Yaron motata, da shebur a hannu, gumi na zuba, ya ce, “Maigida, wannan takalman na zuwa biki ne.” Ban ba shi amsa ba, don gaskiya ya faɗa. Gazuwal ɗin da ke kai ni ya dawo da ni Gure bai isa ba, sai da na buɗe jarkar ajiya.

Ga kuma noti. Janti na alminiyum irin na Toyota notinsa mai ɗan faifai a gindi ne, shimfiɗaɗɗe, na ƙarfe kuma mai tsinin baki ne da ke zama cikin huda. An ɗaura mini da tsofaffin notina masu tsini, ba wanda ya ce uffan. Allah ya sa na saba zagaya mota da sifana duk inda na tsaya shan shayi; a Gure na tarar da uku sun saki a ƙafa ɗaya. A tafiya ta uku kuma ɗaya daga cikin jantin ya daki dutse ya tsage, iska ta fita nan take. Alminiyum bai cika lanƙwasa kamar ƙarfe ba, ya fi saurin fashewa, kuma ba mai faci a ƙauye da zai iya yi maka komai a kansa. Na sayar da sauran da hasara.

Sai na koma wurin bakanike da kunya. Ya ce, “Yanzu ka shirya ji?” Ya juya wani janti ya nuna mini rubutun da ke bayansa, haruffa biyu ET da lamba. Lambar nan ita ce nisan fuskar da ke zama jikin pon daga tsakiyar faɗin janti, a milimita. In tana da alamar ƙari, taya na shigewa ciki, ƙarƙashin mota. In alamar ragi ce, taya na fitowa waje. Shekara nawa ina tuƙi, ban taɓa juya janti na duba ba. Dabararsa ita ce a turo na gaba waje kaɗan, a ja na baya ciki, su haɗu a hanya.

Abin da na sa ke nan, kuma shi nake yi wa sharhi: janti na ƙarfe fari, inci 16 faɗin inci 7, marasa tsaga, na taya marar tib. Na gaba ragi 25, na baya ƙari 20. Daga Kano aka kawo su, kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma sai da muka gwada kowane a jikin mota kafin in cika kuɗi. Na baya muna tsoron ya taɓa birki, amma ya bar wuri kamar kaurin ɗan yatsa. Bambancin santimita 9 ya dawo huɗu da rabi. Taya kuma na koma 235/85, wadda tsayinta kusan santimita 81 ne, daidai da tsohuwar 7.50 da motar ta zo da ita, don haka giya ta dawo yadda na san ta. Waccan 285 ɗin ta haura 83, kuma 1HZ ba injin da ke da rarar ƙarfi ba ne da za ka yi masa wannan ƙarin.

Wata tara ke nan. A rairayi yanzu mafi yawan tayar baya na cikin sawu, rawar nan ta ragu ƙwarai, ko da yake ba ta tafi duka ba, in lodi ya yi nauyi ina jin ta. Ina sauke iska zuwa kilo ɗaya da rabi, wani lokaci ƙasa da haka, taya ba ta taɓa zamewa daga baki ba. Sau ɗaya na lotsa gefen na gaba a wani rami tsakanin Tanut da Belbeji. Muka cire, yaro ya ba shi guduma biyar, muka hura, muka wuce. Ƙayar aduwa kuwa, da can sai an kwance janti mai tsaga an fito da tib, yanzu igiyar faci nake cusawa taya na jikin mota. Na san tsofaffin direbobin Agadas da ba za su taɓa rabuwa da mai tsaga ba, don da ƙarfe biyu kake kwance shi a tsakiyar daji, kuma ba na musu da su. Ni dai na gaji da tib da yashi ke shiga yana cinyewa.

Aibinsu ba ɓoyayye ba ne. Suna da nauyi, fentin kuma na banza ne, damina ɗaya tsatsa ta fito a bakin hudojin. Ɗaya daga cikin shidan da na saya ya zo da ɗan karkata, sai da aka maƙala masa dalma da yawa kafin sitiyari ya daina kaɗawa a kwalta, na mai da shi safaya. Babban abin da ke damuna shi ne ƙafar gaba: turo taya waje na ƙara wa boris nauyi, kuma tuni na sake ɗaure na hagu sau biyu. Wani ya ba ni shawarar in sa faifan ƙarfe tsakanin janti da cibiya in cike sauran huɗu da rabin nan. Na ƙi. Ƙarin noti shida ne kowace ƙafa, a ɓoye inda sifana ba ya kaiwa sai ka cire taya, a kan gargadar hanyarmu.

Sannan dole in riƙa ɗaukar safaya iri biyu. Na gaba yana shiga baya, ya fito waje ya kai ka gida. Na baya kuwa in ka sa shi gaba yana gugar sandar sitiyari, mun gwada a gareji mun gani. Saboda haka na sa yaro ya shafa wa na baya jan fenti a ciki, don kada dare ya yi mana a daji mu rikice. Wanda zai sa pon na 80 a 75 kuma aikinsa na rairayi ne, wannan haɗin zan ce ya nema, ya je da mita da motarsa wurin mai shago. Ni sati mai zuwa zan sake buɗe boris ɗin hagu kafin tafiyar Tasker.