Injin niƙan cakulan ɗan Indiya bayan shekara biyu a hannuna a Garwa

Tun da na fara kai kwalaben cakulan na shafa wa burodi gidajen biki da suna, mata ke tare ni a Yelwa suna tambayar da wane inji nake niƙa, kuma ko su ma su saya. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, shi ya sa na zauna in rubuta.

Injin ɗan ƙarami ne, a kan tebur yake zama. Tukunya ce ta ƙarfe mai gindin dutse, a ciki akwai duwatsu biyu masu siffar taya suna murzawa a kan gindin, daga ƙasa kuma moto da bel ne ke juya tukunyar. Asalinsa ba na cakulan ba ne. A kudancin Indiya, wajen birnin Koyimbato, ake ƙera irinsa don markaɗen shinkafa da wake na wainar mutanen can, sai masu ƙaramar sana'ar cakulan suka gane dutsen yana yin laushin da injin markaɗen bakin kasuwa ba zai taɓa yi ba. Ƙanena ya saya mini a Duwala, ya hau jirgin ƙasa da shi daga Yawunde zuwa Gaundare, daga nan mota har Garwa. Ƙarfin wutar Indiya da tamu kusan ɗaya ne, filogi kawai na canja.

Kakawo, kamar yadda muke ce masa a nan don kada a zaci kokon safe ne, daga wajen Obala da Bafiya ake aiko mini, wanda an riga an tsima shi kwanaki a ganyen ayaba an shanya. Abin yana taɓa mini zuciya: Kamaru na cikin manyan masu noman kakawo a duniya, amma mu 'yan Arewa da yawa a takardar cakulan Mambo da robar Tartina ta shafa wa burodi kaɗai muka san shi. Nakan gasa shi a oben a ma'aunin zafi 130 na Salshiyas na kusan minti 25, in ɓarza, sannan surukata ta bakace ɓawon da faifai kamar yadda take wa gero. Babu na'urar da nake buƙata a wannan matakin muddin tana gida.

Wajen niƙa ne injin nan ya biya ni kuɗina. Kusan rabin ƙwayar kakawo mai ne, don haka bayan awa ɗaya ɓarzajjen da kika zuba ya narke ya koma ruwa-ruwa ba tare da kin ƙara komai ba. Ranar da na fara gani sai da na kira yara su zo su kalla. Sai ya yi haka nake zuba sukari, kaɗan-kaɗan. A awa goma sha biyu har yanzu harshe na jin tsakuwa-tsakuwa. A awa ashirin da huɗu ya fara santsi. Ni dai a talatin da shida nake sauke nawa, lokacin da in kika murza shi tsakanin harshe da ganɗa ba za ki ji komai ba sai mai. Masana suna cewa harshe yana daina jin gari idan ƙwayar ta yi ƙanƙantar maikiron 20 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma duwatsun nan suna kaiwa can. Wani abin kuma, tsamin da ke tashi daga tukunyar a daren farko, mai kama da na ruwan kal, yana bin iska ya tafi a hankali, ya bar ƙamshin da ke sa maƙwabta leƙowa. Kilo biyu nake sa wa a zubi ɗaya. Na taɓa gwada uku, moton ya rinƙa nishi, ban sake ba.

Amma inji ne mai son a lallaɓa shi, kuma wanda ya sayar bai gaya wa ƙanena ko ɗaya daga cikin abin da zan faɗa ba.

Ruwa shi ne babban maƙiyinsa. Cokali ɗaya ya isa ya mayar da kilo biyu na narkakken cakulan ya zama dunƙulen tuwo. Ya faru da ni a wata na biyu, don na wanke duwatsun da safe na ɗora da rana, ashe ruwa ya ɓuya a ramin da sandar ke shiga. Yanzu in na wanke da ruwan ɗumi, sai na kwance kowane dutse daga sandarsa na shanya kwana guda cur, a rufe da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Kafin zubi kuma ina ɗumama duwatsun da na'urar busar da gashi, don sanyayyen dutse yana daskarar da man ya cije.

Sai bel. Nawa ya tsinke a wata na bakwai, tsakar dare, da aikin biki a ciki. Na zaga babbar kasuwa ban sami daidai shi ba, har aka nuna mini wani dattijo mai gyaran injinan markaɗe da kekunan ɗinki. Ya juya tsinkakken bel ɗin a hannu, ya ce, "'Yata, ba tsufa ya kashe wannan ba, kin cika ɗaure notin sama ne tun kayan suna da tauri." Gaskiyarsa. Notin da ke danne duwatsu ana barinsa sako-sako da farko, sai kaya sun narke a ƙara ɗaurewa. Na ce, "Baba, to yanzu yaya za a yi?" Ya lalubo wani bel a tarkacensa ya gwada, ya yi daidai. Shi ne kuma ya nuna mini bushi, wato zoben roba da ke cikin kowane dutse inda sandar ke shiga, ya ce duk ranar da na ga baƙin zare-zare yana fitowa daga nan ko dutse yana rawa, in tsayar da injin nan take. Na canja su sau ɗaya zuwa yanzu.

Wuta kuwa kun san halinta. In ta ɗauke aka daɗe, cakulan ya yi kauri a kan duwatsu, to kada ki kunna da ta dawo sai kin sake narkar da shi, in ba haka ba moton ne zai ƙone. Na sayi na'urar daidaita ƙarfin wuta, na kuma ajiye ƙaramar fanka tana hura moton dare da rana. Ƙararsa ma a sani, ba ta barin mai saurin farkawa ya yi barci. A ɗakin ajiya na bayan gida na mayar da shi.

Akwai abin da ba laifin injin ba ne, amma dole mai saye a Arewa ta sani. Man kakawo yana narkewa a kusan ma'auni 34. Kafin a sami cakulan na sanda mai ƙyalli, mai ƙaras in an karya, sai an narkar da shi zuwa 45, a sauke zuwa 27, a ɗaga zuwa 31, sannan a zuba a mazubi. A Garwa a watan Maris da Afrilu zafi yana wuce 40, ta ina za ki sauke shi zuwa 27? Firji kuma yana sa shi gumi, ga ruwa ya dawo. Don haka na sanda a Disamba da Janairu kaɗai nake yi, bayan sallar asuba. Sauran shekara na shafa wa burodi nake yi, ina haɗa kakawo da soyayyar gyaɗarmu da madarar gari, wani lokaci da riɗi. Wannan ne ma ya riƙe ni a 2024, lokacin da farashin kakawo a duniya ya haura dala 10,000 kowane tan, buhun da ake aiko mini ya yi tsadar da ba zan iya yin zallarsa ba.

Wadda take neman kuɗin yau-yau, injin nan zai ɓata mata rai, don kilo biyu a kwana ɗaya da rabi ba ciniki ne mai gudu ba. Wadda take da ɗaki mai iska, da haƙurin shanya dutse, da mai aiko mata kakawo mai kyau daga Kudu, ina ba ta shawara ta saya, amma ta sa a haɗo mata da bel biyu da bushi na ajiya tun daga Duwala. Ni ma na aika wa ƙanena kuɗin inji na biyu, yana tafe da shi bayan Sallah.