Ajin haɗa ruwan zuma a Atens: kwalbar ruman ta ɓata min rai

Wata ƙawata 'yar Maraɗi ce ta ja ni. Wani ɗan shago ne a lungunan Plaka, tsohuwar unguwar Atens da ke ƙarƙashin dutsen Akropolis, inda ake koyar da haɗa abin sha na zuma, kowane ɗanɗano da sunan wani daga cikin tatsuniyoyin Girkawan da. Ainihin sana'arsu giyar zuma ce, wannan na sani tun farko, amma a tallarsu sun ce suna da ajin da babu giya a cikinsa. Sau biyu na tambaya kafin in biya, a waya da kuma baki da baki, aka ce in kwantar da hankalina. Kuɗin kuwa, duk wanda ya san Plaka ya san ba a shiga da hannu sake.

Ranar ajin na ji daɗi, ba zan ci haƙƙinsu ba. Zumar da aka ba mu ta furen tayim ce, irin wadda dutsen Himetos ya yi suna da ita tun zamanin da, ƙamshinta har cikin maƙogwaro. Malamar ta iya ba da labari. Ta ce a tatsuniyarsu, da aka ɓoye Ziyus, babban abin bautarsu na da, yana jariri a wani kogo a tsibirin Kirit, da zuma da nonon akuya aka raine shi, kuma sunan mai ba shi zumar, Melissa, shi ne sunan ƙudan zuma a yarensu har yau. Kwalba huɗu muka haɗa. Ɗaya da na'ana'a, don Minti da aka mayar tsiro. Ɗaya da ganyen dafni, wato bay leaf da muke jefawa a dafa-duka, don Dafni, yarinyar da ta zama itace tana gudun Apollo ɗan Ziyus. Ɗaya oksimeli, wato zuma da khal. Ta ƙarshe da ruwan ruman, don Pasifoni da ta ci 'ya'yan ruman a ƙasar matattu, dalilin da ya sa dole take komawa can wani ɓangare na kowace shekara. Wannan ita ta fi shiga raina, ja wur, ga zaƙi ga ɗan tsami.

Shi ya sa na ƙi shan ta. Yayar maigidana za ta zo mana daga Kano bayan kwana shida, na ce ita zan tara da ita. Na sa kwalaben a kabad ɗin kicin, a tsakiyar watan Yuli, da zafin Atens da kuka sani.

Ranar da ta iso, bayan mun ci abinci, na ɗauko kwalbar da murnata. Ina murɗa murfin sai ji na yi fus, kumfa ta yi tsiri ta wanke min hannu da gaban riga. Sai wari. Yaya ta ajiye kofin da ta miƙo, ta ce, “Ƙanwata, wannan fa?” Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Mace ta taso tun daga Kano, ranar farko a gidana, in buɗe mata abin da ke warin giya. Da ace ba ta yi kumfa ba fa, da na zuba mata, da na zuba wa yarana.

Daga baya na gane abin da ya faru. Ɗanyar zuma tana ɗauke da yis nata, kaurinta ne ke hana shi aiki. Da zarar an tsinka ta da ruwa, aka ƙara ruwan 'ya'yan itace, aka bar ta a wuri mai ɗumi, yis ɗin ya farka ya fara cin sukarin yana mayar da shi giya da iska. Su sun fi kowa sanin haka, ai da shi suke cin abinci. Awa uku muna tare da malamar, ta samu lokacin labarin Apollo, ba ta samu minti ɗaya ta ce mu sa a firij mu shanye cikin kwana biyu ba, alhali ta ga hijabina, ta kuma ji tambayata.

Da na kira, ta ba da haƙuri sosai, har na fara saukowa. Sai ta ƙara da cewa ai an rubuta a takardar da ke cikin jakar. Na duba: da Girkanci aka rubuta, ajin kuwa da Turanci aka yi shi. Nan raina ya sake ɓaci. Ta ce in zo a ba ni wata kwalbar kyauta, na ce na gode.

Ta na'ana'a da ta dafni ma duk na tuttular, su ma sun fara tashi. Oksimelin kaɗai ya tsira, shi nake ɗigawa a ruwan sanyi da rana. Zumarsu zan iya aika ƙawata ta sayo min, amma ni ƙafata ba za ta sake taka shagon ba.