Dogon Ɗalibi: Ƙwallon Raga Ko Ƙwallon Kwando?

A makarantun sakandaren Kaduna, da an ga dogon yaro sai a tura shi ƙwallon kwando. Amma wasunsu ƙwallon raga suke komawa, kuma suna da hujja.

Kwando yana sama mita 3.05, filinsa mita 28 a tsawo. Dogo zai yi ta gudu gaba da baya, ana bangazarsa a ƙarƙashin kwando, dole kuma ya iya buga ƙwallo a ƙasa yana tafiya. Siririn yaron da jikinsa bai gama cika ba nan yake shan wuya.

Ragar maza kuwa mita 2.43 ce, ta mata 2.24, kowane ɓangaren filin kuma mita 9 ne a tsawo. Raga ta raba ka da abokin karawa, babu gogayyar jiki. Mai tsawon mita 1.90 in ya miƙa hannu yakan kai bakinta tun bai yi tsalle ba, don haka tarewa da dukan ƙwallo suna zo masa da wuri.

Sai dai ita ma tana da nata. Yawan tsalle a kan siminti yana cin gwiwa, dira a kan ƙafar wani kuma targaɗe ne. In juyin wuraren tsayuwa da 'yan wasa ke yi ya kai dogo layin baya, durƙusawa ya tare ƙwallo takan gagare shi, shi ya sa ake musanya shi da libero, wato ɗan wasan da aikinsa tsaron baya ne kawai.