Ɗamarar ta riƙe karen, igiyar kuwa ta kusa jefa shi teku

'Yan uwa masu aikin gadi da tuƙi a gidajen Ikoyi, Victoria Island da Lekki a Legas, musamman waɗanda fita da kare ya shiga cikin aikinsu, da ku nake. Akwai saitin nan da ya cika Instagram da WhatsApp, ɗamarar ƙirji ta kare haɗe da igiya mai naɗe kanta cikin kwanson roba, wadda ake danna maɓalli ta tsaya. Kun san masu sayar da shi, kun san kuɗinsa, ba sai na faɗa ba. Na saya, na yi aiki da shi, kuma ban ga dalilin da zai sa in ɓoye abin da ya same ni ba.

Karen gidanmu sunansa Duna, ruwa biyu ne, rabi Alsatian rabi na gida, kilo 26 a sikelin likitan dabbobi. A da, da sarƙa da bel na wuya nake fita da shi, to in ya ja da ƙarfi sai ya dinga tari kamar zai shaƙe. Likita ya ce bel ɗin yana danne masa maƙogwaro, a nema masa ɗamarar da za ta raba nauyin a ƙirji da kafaɗa. Madam ta ba ni kuɗi ta ce in zaɓa da kaina tunda ni ke riƙe shi. Mai sayarwa ta rubuto mini da hannunta cewa igiyar mita 5 ce, kuma birkinta yana riƙe kare har mai kilo 50. A kan wannan maganar na tura kuɗi.

A titunan unguwa ban ga matsala ba. Yawon safe ne a kan kwalta, babu abin da zai gwada ƙarfin kaya.

A Tarkwa Bay abin ya faru. Wanda bai taɓa zuwa ba, wuri ne da mota ba ta kai mutum, sai jirgin ruwa, daga Marina ko wajen Falomo. A gefen rairayin akwai doguwar katangar manyan duwatsu da ta miƙe cikin teku. Turawan mulkin mallaka suka jera su shekara fiye da 100 da suka wuce, an ɗebo su daga wajen Abeokuta, don kada yashi ya toshe mashigar da manyan jiragen ruwa ke bi zuwa Apapa. Mu a Legas ba mu da tsaunuka irin na Jos ko Dutsen Dala, shi ya sa mutane ke raina waɗannan duwatsu. Amma in ka hau sama ka leƙa ta ɓangaren mashigar, za ka ga gangare ne mai tsayi, duwatsun ƙasa sun yi kore da gansakuka saboda ruwa yana cika yana janyewa sau biyu a yini, tsakaninsu kuma ramuka ne da ƙafar mutum ke shigewa har gwiwa. Duk lokacin da babban jirgi ya wuce, taguwar da yake turowa takan hau duwatsun da ƙarfi.

Oga ya ɗauki hayar jirgi ranar Lahadi, ya tafi da iyali, ya ce in zo da Duna ya sha iska. Ƙanina da ke zaune wurina a ɗakin gadi ya biyo ni don ya taimaka da ɗaukar kaya. Da la'asar yara suka ce suna son ganin jirgin kwantena kusa, muka hau kan duwatsun. Kafin in sa ƙafa na naɗe igiyar ta dawo kamar taku biyu, na danna maɓalli, na tura makullin gaba har ya yi ƙara. Na ja da hannu na gwada, ta tsaya cak. Duna yana gefen hagu, ni ina tsakaninsa da bakin gangaren, kamar yadda ya kamata.

Ƙaguwa ce ta fito daga wani rami ta ruga ƙasa. Duk wanda ya san kare ya san ba ya lissafin tsayi idan ya ga abu yana gudu, idonsa na kan abin ne kawai. Ya zabura ta gabana. Na ji wani ƙas a cikin kwanson, makullin ya koma baya da kansa, igiyar ta fara warwarewa tana kuka. Na danna maɓalli da babban yatsa har ya yi zafi, babu abin da ya kama. Sai na cafke zaren da ɗaya hannun. Zaren nan siriri ne, ya yanke mini tafin hannu da yatsu biyu kamar an ja wuƙa, dole na saki. Kafin mita biyar ɗin su ƙare kare ya riga ya samu gudu, ya taka gansakuka, ƙafafunsa suka zame, ya ɓace mini da gani.

Innalillahi kawai na iya faɗa. Fizgar da igiyar ta yi lokacin da ta kai ƙarshe ta durƙusar da ni a kan gwiwa, kwanson ya kusa fita daga hannuna. Na leƙa, sai ga Duna a rataye jikin wani dutse mai santsi, ƙafafun baya suna lilo a kan wani rami da ruwa ke shiga yana fita, na gaba suna karce dutse ba su samun wurin kamawa. Ba ya ko haushi, wani siririn kuka yake yi. Can nesa kuma jirgin da yara suka zo kallo yana matsowa, na san taguwarsa tana tafe.

Ƙanina ya ce, "Yaya, kada ka ja! Wallahi zaren zai tsinke a bakin dutsen." Gaskiyarsa, domin zaren yana goga a kan kaifin dutse, ina ganin yana tsattsagewa. Wani dattijo mai kamun kifi da ƙugiya a wurin ya ajiye sandarsa ya zo ya riƙe ƙanina ta bel ɗin wando, ƙanin nawa kuma ya kwanta rub da ciki ya miƙa hannu. A bayan ɗamarar akwai wani maɗauki na yadi da aka ɗinka, wanda tun da na saya ban taɓa kula da amfaninsa ba. Shi yatsunsa suka kama. Na jefar da kwanson na kama ɗaya hannunsa, muka jawo karen sama kamar masu jan guga daga rijiya. Muna ɗora shi kan dutse ruwa ya mamaye daidai inda yake rataye.

Har yanzu in na tuna jikina yakan yi sanyi. Akwai masu cewa ai kare ne, me ya yi zafi? Ni amana aka ba ni. Dabbar da ke kwana a bakin ƙofa tare da ni, ita ke fara jin motsi kafin in ji. Malamai sun karantar da mu cewa ajiye kare don gadi, kiwo ko farauta ya halatta, kuma mun ji labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ga kuma 'ya'yan Oga suna tsaye suna kallo suna kuka. Da ya mutu a gabansu, da wane ido zan kalli iyayensu?

Don haka ɗamarar, tsakani da Allah, ta yi aiki. Kilo 26 ya faɗo da gudu ya rataya a kanta, ɗinkinta bai farke ba, zoben ƙarfen da ke baya bai buɗe ba. Washegari likita ya duba shi ya ce ban da farcen da ya karye da ƙujewa a ciki, lafiyarsa ƙalau. Ya ƙara da cewa da bel ɗin wuya ne a jikinsa a wannan faɗuwar, ko dai kansa ya zare ya tafi ƙasa, ko nauyinsa ya shaƙe shi. A ranar har na yi niyyar rubuta wa masu sayarwa godiya, in ce rabin kayansu ya wanke laifin ɗaya rabin.

Amma da na zauna na buɗe kwanson igiyar da sukudireba, raina ya sake ɓaci. Abin da ake kira birki ashe wani ɗan haƙorin roba ne da bai kai farcen ɗan yatsa ba, shi ke shiga tsakanin haƙoran faifan da zaren ke naɗuwa a kai. Ya karye gida biyu. Sifirin ɗin ciki ya fara tsatsa, ga yashi ya shiga ko'ina. Wannan ɗan guntun robar ne aka ce mini zai tsayar da kare mai kilo 50. Ko Boerboel, ƙaton karen nan da ke cikin gidajen Lekki, da nauyinsa ya kan wuce haka, da wannan ake sayar wa mutane su fita da shi cikin jama'a?

Na ɗauki hoton karyayyen haƙorin da hoton hannuna na tura wa mai sayarwa. Ta karanta ta yi shiru. Da na sake magana sai ta ce ba a yi igiyar don bakin teku ba, gishiri ne ya lalata ta. To a Legas muke, ina ne iskar gishiri ba ta kaiwa? Kuma me ya sa ba ta faɗa ba lokacin da take karɓar kuɗi, alhali hoton tallarta ma kare ne yana gudu a rairayi? Na ce ta mayar da kuɗin igiyar kawai, ta riƙe na ɗamarar. Ta ce saiti ne, ba a rabawa, kuma ba sa karɓar kayan da aka buɗe. Daga ƙarshe ta ce za ta yi mini ragi in sayi wata irinta. Irinta! Ko sannu da ciwon hannu ban samu ba.

Sai kuma sauran abubuwan da na yi ta haƙuri da su suka dawo mini. Girman da aka rubuta a leda bai dace da jikin kare ba, sai da na ja madaurai har ƙarshe kafin ɗamarar ta zauna yadda yatsu biyu za su shiga ƙarƙashinta ba tare da ta yi sako-sako ba. Maƙatan gefe na roba ne. Bayan abin da ya faru na duba su da fitila, na ga ɗaya ya tsage daga ciki. Wato ita ma ɗamarar da nake yabo, saura ƙiris ta saki a ranar. Zoben bayan da ya riƙe shi yanzu ya yi ja da tsatsa duk da na wanke shi da ruwan famfo a daren. Saboda haka yabon nawa na rage shi. Tsarin ɗamara mai maɗauki a baya abu ne mai kyau, ina ba kowa shawarar ya nema, amma ba lallai wannan ba, kuma ba daga hannun waɗannan mutanen ba.

Ita kuwa igiya mai naɗe kanta, ko da mai tsada ce, ba zan sake hawa da ita wuri mai gangare ba. Ko birki bai karye ba, tsawonta yana ba kare filin ɗaukar gudu, kuma ba ta da inda za ka kama ka jawo shi. Wannan bai tsaya ga Tarkwa Bay kaɗai ba. Bakin manyan magudanan ruwa na Lekki da ba su da murfi, gefen tashar jirgin ruwa, bakin gada, saman benen da ba a gama gini ba inda wasunmu ke gadi, duk hukuncinsu ɗaya. Da damina ma ya fi muni, daga Yuni zuwa Satumba teku yana hauka, ko'ina santsi.

Wani baduku ɗan Kano da ke zama a Obalende na kai wa matsalar. Ya juya ɗamarar a hannunsa ya ce, "Malam, wannan robar ba ta riƙe akuya." Ya cire maƙatan ya sa na ƙarfe, ya ninka ɗinkin maɗaukin da zaren takalmi. Sannan ya yanka mini igiya daga bel ɗin kujerar mota, tsawonta mita ɗaya da rabi, da madauki na sa hannu a ƙarshe da wani a tsakiya don riƙe kare kusa da ƙafa, ya sa mata ƙugiyar tagulla mai murɗawa wadda ba ta tsatsa. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin da na biya ɗan babur ɗin da ya kawo mini saitin ba. Da ita nake fita da Duna yanzu, kuma na gaya wa Oga cewa in an koma Tarkwa Bay, kare zai tsaya a kan yashi, ba zai sake hawa duwatsu ba. Ya yarda.

Mai sayarwar har yau ba ta dawo da ko sisi ba, kuma tallar tana nan da rubutun kilo 50 a ƙarƙashinta. Duk wanda ya riga ya saya, ya kwance sukurorin kwanson ya kalli haƙorin birkin da idonsa kafin ya sake fita da kare.