Micro:bit, Arduino ko Raspberry Pi: wanne makaranta za ta saya a Garwa da Marwa?

Shugaban makarantar da ƙungiyar iyayen yara ta ware wa kuɗi don kayan koyar da kwamfuta, tun kafin ya tambayi farashi ya fara tambayar kansa: awa nawa muke samun wuta a watan Afrilu? Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, idan ruwa ya ja baya wuta ta ragu. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun kawo sauƙi, amma har yanzu darasin da ba ya yiwuwa sai da soket darasi ne mai yawan fashi. Da wannan ma'aunin nake auna kayan nan.

Micro:bit ɗan allon lantarki ne da ake rubuta wa umarni, bai cika tafin hannu ba. BBC ce ta raba shi ga yaran Birtaniya a 2016, samfuri na biyu kuma ya fito a 2020 da lasifika da makirfo. Yana da ƙananan fitilu 25, maɓallai biyu, na'urar jin motsi, kamfas, da rediyon da alluna ke aika wa juna saƙo ba tare da intanet ba. Batir biyu na AAA sun ishe shi, irin na rimot da ake samu a kowane kanti. Yaro yana jera tubalan umarni a MakeCode, manhajar rubuta masa umarni a kwamfuta, akwai shi da Faransanci, ya tura cikin allon, nan take sunansa ya fara gudu a kan fitilun. Ga 'yan ajin farko na sakandare ban ga kamarsa ba, domin ban da kebul ɗin tura umarni babu wayar lantarki ko ɗaya da za a haɗa kafin a ga sakamako, kuma malamin da bai taɓa aikin lantarki ba zai iya riƙe aji da shi. Aibinsa biyu ne. Da wuya a same shi a kasuwanninmu, sai an yi odarsa, kuɗin jigila da kwastan su hau kansa. Sannan ma'aunin zafinsa zafin guntun da ke jikin allon yake karantawa, don haka kiyasi ne kawai.

Arduino kuwa tsohon hannu ne, daga garin Ivrea na Italiya ya fito a 2005. Samfurin Uno yana da ƙafafu, wato wuraren soka waya, 14 na kunnawa da kashewa, da 6 na karanta awo, yana aiki da volt 5. Masu shi sun bar zanensa a buɗe, shi ya sa kwafinsa ya cika duniya a kan kuɗi kaɗan, kuma ga makaranta kwafin ya wadatar. Sai dai yawancin kwafin suna ɗauke da guntun CH340, wanda wata kwamfutar ba ta gane shi sai an sa mata direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa ta gane shi. A sauke shi a filas tun ana da intanet, kada ranar darasi ta zo allo ya ƙi magana.

Shi Arduino tsirara yake zuwa: ba fitilun rubutu, ba maɓallin wasa. Komai sai ɗalibi ya haɗa da hannunsa, ya soka waya, ya sa rezista mai rage ƙarfin wuta, ya ƙona fitila ɗaya ko biyu kafin ya gane dalilin rezistar. Wannan wahalar ita ce karatun, shi ya sa nake ganin nasa ne manyan azuzuwa da makarantun fasaha. Ɗan Marwa da ya tashi cikin lambun albasa zai iya haɗa abin da ke auna danshin ƙasa ya kunna fitila idan lokacin ban ruwa ya yi. Wani ya auna ruwan tankin makaranta da na'urar auna nisa ta HC-SR04. Yaren rubuta wa Arduino umarni C++ ne, yana tsorata mai farawa, amma manhajar mBlock tana ba da damar farawa da tubala.

Raspberry Pi Pico, ƙaramin allo irin Arduino, ya fito a 2021 a kan dalar Amurka 4, ana rubuta masa umarni da yaren MicroPython, kuma ya fi Uno ƙarfi nesa ba kusa ba. A lura dai: volt 3.3 yake ɗauka, na'urar awo mai fitar da volt 5 tana iya lalata masa ƙafa, kuma mafi arahar samfurin ba a manna masa ƙafafu ba, sai an nemi mai gyaran waya ya narka dalma. A sayi Pico H, wanda ke zuwa da ƙafafunsa a manne, idan babu mai wannan aikin.

Babban Raspberry Pi, na 4 ko na 5, cikakkiyar kwamfuta ce. Tana son allon kallo, madannai, katin ajiya da caja mai ƙarfi, ɗaukewar wuta ba zato tana iya ɓata katin, kuma tana rage gudu idan ta yi zafi. A ajin da zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ba da ita zan fara ba.

Abin da ke ceton ƙananan allunan shi ne umarnin da aka tura musu yana zama a ciki ko an cire su daga kwamfuta. Laftof ɗaya mai caji tana iya yi wa rukuni da yawa hidima bi da bi. Don haka lissafina shi ne allo ɗaya ga yara uku ko huɗu. Idan sun fi haka, ɗaya ne ke aiki saura na kallo, kuma sau da yawa 'yan mata ake turawa baya. Gara alluna goma masu araha da mutum-mutumi ɗaya mai tsada da zai ƙare a kabad ɗin ofis sai baƙi sun zo.

Kada a kashe kuɗin duka a kan alluna. A bar kaso mai kauri don wayoyi, fitilu, batura, kebul na USB da robobi masu murfi saboda ƙura. Kebul ɗin ma a gwada shi a gaban mai kanti, domin wasu caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai. Kafin kaya su iso daga Duwala, a sa Scratch, wato manhajar koya wa yara rubuta umarni, a kwamfutocin da ake da su: kyauta ne, yana aiki ba intanet, kuma tubalansa sun yi kama da na MakeCode da mBlock.